Dakuwar Ƴar Fari

A ƙauyenmu, can gefen Waca, mace ba ta nuna son ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki ma sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin, kuma haka muka tarar. Wadda ta kasa riƙe ta, har bakin rijiya sai an yi da ita: "Kun ga wance kuwa? Ba ta da ta ido. Tana lallashin ɗan fari kamar a kanta aka fara haihuwa."

Ina yarinya sosai na haifi tawa. Da aka yaye ta, uwar mijina, wadda duk gidan muke ce wa Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Tsakanin ɗakin Inna da nawa bai kai taku goma ba, amma daga ranar yarinya ta zama ƴar Inna. Haka nake kiranta in ya zama dole: "Ƴar Inna, miƙo mini ludayi." In ba dole, "ke" ta isa. Ita kuma Yaya take ce mini, don ta ji ƙannena suna faɗa, ba wanda ya gyara mata.

Ban taɓa cewa an zalunce ni ba. Inna tana son yarinyar nan kamar ranta. Sai dai an hana bakina da hannuna ne, ba a hana idona ba. Daga bakin murhu ina ganin komai. Na san ranar da haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi. Na san in yunwa ta kama ta ba ta magana, sai ta yi ta murza kunnenta. In ta yi tari sau ɗaya a ɗakin Inna, ni ce ke yini da ciwon ƙirji. Mijina yakan ce da zullumi hatsi ne, da rumbunmu bai taɓa yin ƙasa ba.

Da ta cika shekara bakwai aka sa ta lakwal, wato makarantar boko. Kullum da gudu take fita, don wanda ya makara shi ke sharar fili. Kunun safe in ta kurɓa sau biyu ta yi ƙoƙari. Inna takan ɗaure mata dala biyar a gefen zani, ita kuma ta saye alawa da ruwan leda mai kala a bakin lakwal. Ta dawo da harshe ja jawur, a zuba mata abinci ta tsakura ta ture. Ina gani wuyanta yana ƙara tsawo, zaninta yana ƙara zagaye ta. Na faɗa wa Inna sau ɗaya, a kaikaice, ta ce tsawo ne yarinya take yi.

Wata rana da bazara, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai ga madam ɗinsu, malamar ajinsu, ta shigo gidanmu da yarinyar a bayanta. Wai suna tsaye a layi ta yanke jiki ta faɗi. Ina riƙe da muciya. Ban san lokacin da ta suɓuce mini ba. Ƙafata ta yi taku biyu, sai na tuna matan gida suna tsaye, na tsaya cak. Inna ce ta karɓe ta.

Madam ta ja fatar idon yarinyar ƙasa da yatsa, ta ce, "Ku duba. Fari fat. Wace ce uwarta?"

Inna ta ce, "Ni ce."

Madam ta dubi Inna, ta dube ni, ta dubi muciyar da ke ƙasa. Ta ce, "To, mai dafa mata abinci ta ji. A kai ta asibiti yau. Kuma a daina ba ta kuɗin alawa, a ba ta abin da za ta ci in an fito shan iska. Ba sai kun sayi komai ba. Gyaɗa ku ke nomawa, gero ku ke nomawa, zogale ga shi nan ya leƙo ta katanga."

Inna ta goya ta suka tafi asibiti. Ni aka bar ni da tukunya. Sau uku na wanke tukunyar nan kafin su dawo.

Dakuwa ce ta faɗo mini a rai, don mahaifiyata tana yi mana muna yara, kuma abu ne da ba ya lalacewa da wuri. Amma ta yaya zan zauna in yi wa ƴar fari abin lakwal ita kaɗai, a gidan da ke cike da ido? Sai na je na durƙusa gaban Inna na ce, tunda madam ta yi magana, ina ganin a riƙa yi wa yaran gidan duka, kada a ce gidanmu ba a jin magana. Inna ta ce to, Allah ya yi albarka.

Laraba da yamma babu lakwal. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, na juye gyaɗa. Yara huɗu suka kewaye ta: ƴar Inna, da ƙanwarta mai shekara huɗu wadda ita tana ɗakina, da ƴan mata biyu na wan mijina. Ɓarar gyaɗa aikinsu ne. Na ce duk wadda ta yi baƙi ko ta motse a fid da ita, ba ta shiga cikin mutum. Suna ɓarewa, uku na shiga ƙwarya, ɗaya na shiga baki.

Na ce, "Wa ke ci?"

"Ba ni ba ce," in ji ƙaramar, kumatunta cike.

"To ɓera ne ya shigo mana da rana tsaka."

Ƴar Inna ta ce, "Ɓeran ma har da ɗan kunne gare shi."

Suka kwashe da dariya. Ni ma ta zo mini, na juya baya na yi wa murhu ita.

Geron na riga na soya shi tun safe na kai inji. Gyaɗar kuwa a gabansu na soya ta, a kasko, da rairayi mai tsabta don kada ta ƙone. Da ta huce suka murje ta da tafin hannu, suka yi ta hura ɓawon a faifai, har girarsu da kitsonsu suka yi ja. Muka cire ƙwallon dabino, muka daka citta da ɗan gishiri. Sukari ban sa ba, zaƙin dabinon ya isa.

Sai daka. Gyaɗa dogon daka take so, sai ta fid da mai kafin ta yarda ta kama garin. Ina ciki, gumi ya jiƙa mini riga, sai na ji murya a gefena.

"Yaya, in kama miki?"

Ta ɗauko ƙaramar taɓaryar da ake dakan yaji. Na saci kallon ƙofar Inna. Na ce, "Taɓaryar ta fi ki nauyi."

"Ba ta fi ni ba."

"In ta fasa miki haɓa babu ruwana."

Ta tsaya a ɗaya gefen turmin. Duk wadda ta san daka ta san ba a yin lugude ido a ƙasa. Dole ki dubi abokiyar dakanki, ki lura da kafaɗarta, ki san lokacin da za ta ɗaga ke ki sauke. In ba haka ba taɓare su haɗu, wata ta ji ciwo. Don haka na dube ta. Ido cikin ido, da rana tsaka, a tsakar gida, matan gida suna wucewa, kuma ba mai cewa komai, tunda aiki ne. Ranar na ga ashe akwai ɗan tabo a ƙarƙashin idonta na hagu. Na ga in ta dage da abu tana fito da kan harshenta ta gefen baki, sak mahaifina in yana ɗaurin dami. Gyaɗa ta fid da mai tuni, ni ko na ce bai yi ba, a ƙara.

Muka zuba garin gero da dabino muka kirɓa, sannan kowa ya wanke hannu aka zauna dunƙulawa. Ta ƙaramar kamar ƙwan tsuntsu, ta ƴaƴan wan mijina kamar za a jefi kare. Na wanke gwangwanayen madara masu murfi, kowa da nasa. Biyu a rana, ta kai su wata Larabar.

Laraba ta uku na yi azarɓaɓi. Na tuna madam ta ambaci zogale, sai na ce in kaɗan yana ƙara jini, ai mai yawa sai ya fi. Na dumbuza garin zogale hannu biyu na zuba. Dakuwa ta fito wata kala, ba kore ba, ba baƙi ba. Washegari da rana sai ga ƴaƴan wan mijina sun shigo da kuka.

"Yaya, kin ja mana! Duk lakwal ana cewa kashin raƙumi muke ci!"

"Har waƙa aka yi mana!"

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Suka dire gwangwanayensu, ko taɓawa ba su yi ba. Na buɗe na ƴar Inna, na ga biyu sun ragu.

Na ce, "Ke kin ci?"

"Na ci. Da ɗaci."

"To me ya sa kika ci?"

"Kafaɗata ta yi ciwo wurin dakan. Ba zan ba kaji ba."

Daga nan na koma cokali ɗaya, wanda ba ya nunawa.

Amma akwai abin da nake yi wurin rabo, wanda a lokacin nake ganin dabara ce. Ƴaƴan wan mijina nake fara ba, manya-manyan. Sai ƙaramar. Na ƴar Inna shi ne na ƙarshe, abin da ya rage, har da waɗanda suka tsage. Kuma ba na miƙa mata a hannu, sai in tura faifai in ce, "Kwashe." Kafin rabon kuwa na riga na ɓoye mafi kyau guda uku a ƙarƙashin kwano. In yara sun watse sai in kai wa Inna in ce ga nata. Na san Inna ba ta son citta, na san gwangwanin da za su faɗa. A lissafina yarinya ta fi kowa samu, ni kuma ba wanda ya kama ni.

Sau ɗaya ta tambaye ni. Matar wan mijina tana zaune kusa tana tsince wake.

"Yaya, me ya sa kullum nawa ne fasasshe?"

Na ji kunnen matar nan ya miƙe. Na ce, "Ciki ba ya tambayar fasasshe."

Ba ta sake tambaya ba.

Shekara biyu muka yi a haka. Idonta ya dawo, wuyanta ya cika, ta daina barci a aji. Madam ta aiko a gaishe da mai dakuwa. Mata biyu daga unguwarmu suka zo ganin yadda ake yi. Ko an yi bakans, lakwal ta tafi hutu, ba mu fasa ba, sai a ce ta masu zuwa gona ce. Ni dai mako a wurina ya zama kwana shida na jira da yamma ɗaya.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, yayar mijina ta zo daga Magariya. Can take aure, ƴaƴanta duk maza. Ta ce ta zo roƙon ƴar Inna. Ta ce lakwal ɗinsu ginin siminti ce, kowane aji da ɗakinsa, ba rumfar kara ba da ake tashi in hadari ya haɗo. Ta ce yarinya mai kai irin wannan bai kamata ta tsaya nan ba. Gaskiya ta faɗa. Mijina ya amince. Inna ta share hawaye ta ce ita ba za ta tare wa jikarta hanya ba. Sannan aka aika a kira ni ɗakin Inna, don a fita haƙƙi.

Gwaggon yarinyar ta ce, "To, ke me kika ce?"

Uwar ƴar fari amsa ɗaya gare ta a wurin nan, kowa ya san ta tun kafin a tambaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni mene ne nawa a ciki? Ƴarku ce." Da nan na tsaya da ya isa. Amma na ji muryata tana rawa, na ji tsoron kada su gane, sai na yi dariya na ƙara da cewa, "Ku tafi da ita ma, a rage mini hayaniya."

Gwaggon ta tafa hannu. "Kai, yarinyar nan akwai kunya! Inna, kin yi dacen suruka."

Na juya zan fita, sai na gan ta a bakin ƙofa, riƙe da kwanon ruwan da aka aike ta kawo wa baƙuwa. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta fita.

Mako biyu ya rage a buɗe lakwal. Laraba ta zo, na shimfiɗa tabarma, na juye sabuwar gyaɗa, yara uku suka zo. Ita tana zaune a ƙofar Inna tana kallon ƙafarta.

Na ce, "Ke, ba za ki zo ba?"

"Hannuna na ciwo."

Laraba ta biyu ma hannun bai warke ba.

Na nemi in same ta ita kaɗai. Gidan mutum ashirin ba ya da ita kaɗai. Na yi ta shirya maganar a raina, ina surfe ina shiryawa, ina tankaɗe ina shiryawa. Ana gobe tafiya na bi ta rijiya, muka taho tare, tulu a kaina, bokiti a kanta, ba kowa a hanyar sai awaki. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ki riƙa wanke ƙafarki kafin ki hau gadon mutane."

Ta ce, "To."

Da safe ɗan kabu-kabu ya zo zai kai su Waca su hau mota. Uwa ba ta rakiya. Na cika gwangwani babba da dakuwa na ba Inna, Inna ta sa mata a jaka. Kowa ya fita ƙofar gida ana Allah ya kiyaye hanya, ni na tsaya bayan zana ina leƙe ta wata ƴar kafa. Ta rungume Inna. Ta ja kumatun ƙanwarta. Ta hau tsakanin gwaggonta da mai babur, suka tafi. Ba ta waiwayo ba.

Ban fasa Laraba ba, don sauran yaran. Babbar ƴar wan mijina ta karɓi ƙaramar taɓarya, kuma ta iya, ta ma fi ƙarfi. Sai dai da gyaɗa ta fid da mai nake cewa ya isa. Ran Juma'a mijina yakan kira yayarsa a salula, ya miƙa wa Inna. Daga inda nake ina jiyo ƴar muryar can ciki, kamar ta sauro, ba na gane kalma ko ɗaya. Ba a taɓa miƙo mini ba, ni ma ban taɓa miƙa hannu ba. Sai in yi ta tambayar kaina, tana karyawa kafin ta fita? Ko an koma alawa? Gwaggon da yara maza huɗu, wa zai lura tana murza kunne?

Akwai maƙwabciyata, dattijuwa, mai kai man gyaɗa kasuwar Magariya. Ita nake ba gwangwani duk bayan mako biyu, in ce ta kai, ta ce in ji Inna. In ta dawo sai in je aron rariya ko wuta, in zauna har ta kawo zancen da kanta. Kullum lafiya lau, yarinya ta yi kyau, an yi mata kitson birni.

Wata rana, wajen wata na biyar, ta ƙara da wata magana tana ƙulle bakin jarka. Ta ce, "Yarinyar nan taku akwai baki. Na ce mata Yayarki na gaishe ki, don dai in faranta mata. Sai ta dube ni ta ce, 'Ai ba ta ce ba.'"

Ta yi dariya. Ni na tashi na bar rariyar a nan.

Kwana uku ban ji ɗanɗanon abinci ba. Na ga yarinyar nan za ta girma a can, ta yi karatu, ta yi aure, kuma abin da ta ji a bakin ƙofa shi ne zai zauna mata a matsayin maganata ta ƙarshe. Ni na san al'ada ce, Inna ta sani, gwaggon ta sani. Ita shekararta tara. Wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata?

Na matse mai jarka ɗaya, na ce wa mijina ina so in bi maƙwabciya kasuwar Magariya.

Ya ce, "Man gyaɗa ya fi tafiya a can ne yanzu?"

"An ce."

"An ce." Ya daɗe yana kallona. "To, ki gaishe da kasuwar."

Muka yi sammako. Motar ta cika har da awaki a sama, ni ina matse tsakanin buhun wake da wata mata mai jego, gwangwani a cinyata na riƙe shi hannu biyu. Da muka sauka na bar wa maƙwabciya jarkar, na ce ta kwatanta mini lakwal ɗin. Ta dube ni, ta nuna mini hanya da baki. Gidan gwaggon ban nufa ba. Na san in na shiga can za a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura, a kira yarinya ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon bango, in tashi in dawo yadda na je.

A bakin lakwal akwai mata masu sayar da abinci, kowace da teburinta a jikin katanga. Na raɓe a gefe. Wata mai ƙosai, ƙatuwa, ta auna ni daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah, nan wurin da mai shi."

"Ba sayarwa na zo ba."

"To gwangwanin fa? Ado ne?"

Na ce, "Ƴata ce a ciki."

Ban taɓa faɗin kalmar nan a fili ba sai ranar. Na ji ta a bakina kamar na ɗauki abin wani. Mai ƙosai ko a jikinta, ta ce, "Ayyo. Saura kaɗan su fito."

Aka buga ƙarfe. Yara suka ɓarke kamar an buɗe garke, ban taɓa ganin yara da yawa haka wuri ɗaya ba. Idona ya yi ta yawo har ya fara ruwa. Ita ce ta fara ganina. Tana tafe da wata ƙawarta, ta yi tsawo, sai ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta sheƙo da gudu.

"Yaya! Inna ce ta mutu?"

"Subhanallahi. Inna lafiyarta lau."

"Baba ne?"

"Kowa lafiya."

"To me ya faru?"

"Ba abin da ya faru."

Ta dube ni, ba ta yarda ba. Na ja ta muka koma ƙarshen katanga inda akwai ƴar inuwa, muka tsuguna. Kafin in san abin da nake yi na kai yatsa na ja fatar idonta. Ja ne, lafiya lau. Na kama hannunta na ɗora mata gwangwanin a ciki.

Ta ce, "In ji Inna?"

"In ji ni. Na wancan makon ma ni ce. Duk ni ce."

Ta buɗe, ta ɗauki ɗaya, ba ta kai baki ba. Na ji in ban yi magana yanzu ba, za a sake buga ƙarfen nan. Na ce, "Ranar da gwaggonki ta zo. Abin da kika ji na faɗa, ba shi ne a cikina ba."

"Kin yi dariya."

"Na yi."

"Na ji ki da kunnena."

"Na sani. Haka ake faɗa in ƴar fari ce. In ban faɗa ba sai a ce ba ni da kunya."

"Wa zai ce?"

"Mutane."

"Su wa?"

Na ce, "Kowa. Ni dai ban so tafiyarki ba. Tun da kika tafi ban yi yini ɗaya ban ce ko kin ci abinci ba."

Ta gatsa dakuwar, tana taunawa a hankali, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba. Can ta ce, "To ki ce wa Baba in dawo."

"Ba ni da wannan ikon. Kuma lakwal ɗin nan ta fi tamu, kin gani da idonki. Ni a aji uku na tsaya. Ba na so ki tsaya inda na tsaya."

"To kina so in zauna ne, ko in dawo?"

"Duka biyu."

"Ai ba a yin duka biyu."

"Ni kullum shi nake yi."

Ta matso kaɗan har kafaɗarta ta taɓa tawa, ta bar ta a nan. Muka zauna haka. Ta cinye ta farko, ta ɗauki ta biyu. Ta ce cittar ta yi yawa. Na ce mai kama mini dakan ce ba ta da haƙuri. Ta tambayi ƙanwarta, ta tambayi ko akuyar Inna ta haihu, na ce ta haifi biyu, ɗaya duk ya cinye mana zogale.

Aka buga ƙarfe. Ta miƙe ta goge fuska da gefen hijabinta. Ƙawar tata tana jiranta a bakin ƙofa, na ji tana tambaya, "Wace ce?"

"Yaya ce," in ji ta. Ta ƙara rungume gwangwanin a ƙirjinta. "Ita ta haife ni."

Suka shige. Filin ya koma wayam, sai ledoji da iska ke ja. Na miƙe, na gyara mayafi. Na san maƙwabciya tana jirana, na san motar ƙauyenmu ba ta jiran kowa.

Mai ƙosai tana kwashe na ƙarshe daga mai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Daga nesa kike?"

"Gefen Waca."

"Sha biyu suke tashi. Ta nan za ta fito." Ta ja bokitin ƙullunta gefe, ta matsa mini a bencin.

Na zauna.